Amfilifayar jita mai bawul tana ƙara kamar ana suyar ƙosai: daga ina za a fara?

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ga amfilifayar jita mai bawul (kwalaben gilashin nan da ke ƙara ƙarfin sauti) a kan tebur, ta gwanjo ce, wat 40, da manyan bawul 6L6GC biyu da ƙanana 12AX7 uku, sifika ɗaya inci 12 mai om 8. 'Yar Amurka ce, wutar 120 take ci, don haka da sitef-dawun, taransifomar da ke rage wutar gari, ake kunna ta. In an kunna tsit take, sai ta yi kamar minti goma ta ɗau zafi sannan ta fara cuuu tas-tas-tas, kamar an saki ƙosai cikin mai. Jefi-jefi kuma ta yi "fau" guda ɗaya mai ƙarfi. Mai ita ya ce tun da ruwan Agusta ya kankama abin ya ƙaru. An riga an sa mata sababbin 6L6 biyu, ko gezau. Su ma 12AX7 ɗin ukun canza su za a yi?

Mai Jita Kaltungo:
Wa alaikumus salam. Canza su kawai ɗan'uwa. Bawul abu ne mai ƙarewa kamar taya, kuma mafi yawan irin wannan ƙara daga ƙananan nan take fitowa, musamman na farko da ke kusa da ramin jita, don duk abin da ya yi sai sauran su ninka shi.

Baba Mai Rediyo Jekadafari:
A'a, tsaya tukuna yaro. An sayi biyu a banza, yanzu kuma a ƙara uku? Bawul ba a tsintar sa a tsohuwar kasuwa, sai an aika Sabon Garin Kano ko Alaba, kuma tun 2022 farashinsa ya haura, don masu yin sa a duniya kaɗan suka rage: Rasha, Silobakiya da Sin. Ba a sayen magani sai an san ciwon. Amfilifaya hanya ce guda, sauti yana shiga ta jak, ya bi bawul na ɗaya, na biyu, na uku, ya faɗa manyan biyun, ya bi taransifomar fita zuwa sifika. Ƙarar a wani wuri ɗaya take shiga hanyar. Aikinka ka gano wurin, kuma ba sai ka kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Ka yi waɗannan ka dawo mana da amsa. Zare wayar jita gaba ɗaya daga jak, tana yi? Mayar da bolum sifili, tana yi? Mayar da masta, wato babban bolum na ƙarshe, sifili, tana yi? Murɗa tirebul da bas, launin ƙarar yana canzawa? Duk maɓallin da ya rage ƙarar, to matsalar tana gabansa, ta ɓangaren jak. Wanda bai taɓa ta ba, matsalar tana bayansa, ta ɓangaren sifika.

Malama Ta Gwallameji:
Baba, kafin ya kai ga buɗe ta a gaya masa abin da ke ciki, don na ga alamar ya fi sabawa da kayan tiranzisto. Ƙanena, wannan ba rediyon bolt 12 ba ne. A kan ƙafa ta 3 ta 6L6 akwai bolt 400 zuwa 500, kuma manyan kwandansoshin tace wuta suna riƙe ta ko an zare filogi. Tana kisa. Ka samu rezisto 47k mai wat 5, ka ɗaura masa waya mai makama biyu, ka fara maƙala gefe ɗaya a ƙarfen shasi, wato jikin da aka ɗora kayan cikin a kai, sannan ɗayan a kan kwandansa ta farko. Ka bar shi rabin minti, ka auna da mita, sai ka ga ƙasa da bolt 10 kafin yatsa ya shiga. Ka bar wayar a maƙale muddin kana aiki, don kwandansa takan sake tara 'yar wuta da kanta, amma kada ka manta ka cire ta kafin ka kunna. Ban da sa sukudireba kai tsaye tsakanin ƙafar da shasi, yana cin ƙarfen kuma yana lalata kwandansar.

In aunawa za ka yi tana kunne: baƙar wayar mita a maƙale a shasi, ja a hannu ɗaya, ɗayan hannun a aljihu. Takalmin roba, ba ƙafa a kan siminti mai danshi ba. A cire zobe da agogo.

Na biyu, kada a taɓa kunna ta ba sifika a jone. Ta tiranzisto ba ruwanta, amma mai bawul in ba kaya a bakin taransifomar fita, wutar takan yi tsalle ta huda rufin wayoyinta ko ta ƙona soket. Wannan taransifoma ita ce mafi tsada a cikin akwatin.

Ɗan Bolari:
Na gode Malama, na kiyaye. Baba ga sakamako. Ba jita: tana yi. Bolum sifili: tana yi, ba ta ragu ba. Masta sifili: suyar ta ɗauke. Tirebul da bas ba su canza komai ba. Amma shi masta in ana murɗa shi yana nasa ƙarar daban, ƙwar-ƙwar.

Injiniya Na Wunti:
Madalla, ai ka raba gardama. Masta ya kashe ta, ke nan 6L6 ba su da laifi, bawul na uku mai raba sigina ga manyan biyun ba shi da laifi, taransifoma da sifika ma haka. Bolum bai taɓa ta ba, ke nan jak da matakin farko sun fita. Abin yana tsakanin bolum da masta, a irin wannan ƙira galibi bawul na biyu ne da abin da ke kewaye da shi. Ka riƙe maganar ƙwar-ƙwar ɗin masta, za mu dawo kanta, ba ƙura ba ce dole.

Don tabbatarwa: kashe, bari ya huce, zare na ɗaya, kunna, jira minti goman nan. Sannan ka mayar da shi ka zare na biyu. Ƙananan ba abin da zai faru in an zare ɗaya, sai in amfilifayar tana cikin waɗanda aka jera hitocinsu, wato zaren da ke ɗumama bawul, a layi guda, a nan in ka zare ɗaya sauran ma za su mutu, sai gwajin ya ruɗe ka. Ka duba sauran suna ja a ciki. Manyan kuwa ba a yi masu haka da ka. Irin Vox AC30 da bawul EL84 huɗu ke raba rezistan katod guda, in ka zare biyu sauran biyun za su sha wutar da ta fi ƙarfinsu.

Wajen zarewa a riƙa ɗan kaɗa shi a hankali ana ja sama. Ƙafafun 12AX7 tara a cikin gilashi suke kai tsaye, in ka lanƙwasa da ƙarfi gindin zai tsage, iska ta shiga. Alamar haka ita ce fentin azurfan nan na saman kwalbar ya koma fari kamar alli.

Mai Jita Kaltungo:
To ai maganata ce ta fito, Injiniya. Bawul na biyu. A canza shi a huta.

Injiniya Na Wunti:
Mazaunin na biyu na ce, Oga, ban ce bawul na biyu ba. A mazaunin akwai bawul, akwai soket, akwai rezisto huɗu ko biyar, akwai kwandansa. Gwajin kyauta ne: tunda duka ukun 12AX7 ne, a musanya na ɗaya da na biyu. In ƙarar ta bi bawul ɗin ta koma gaba, yanzu bolum zai riƙa rage ta, to ka ci gari, a sayi guda ɗaya tak. In ta tsaya inda take, sabon bawul ba zai yi komai ba.

Mai Jita Kaltungo:
Na yarda da gwajin. Amma bari in faɗi abin da ku masu ayan ɗin dalma kuke raina, don wani mai karatu zai zo da tasa matsalar ba irin wannan ba. Kafin a zargi amfilifaya a canza wayar jita, a kaɗa filogin a cikin jak ana saurare. Jak ɗin jikin jita goronsa yakan kwance, ya yi ta juyawa har dalma ta karye. In amfilifayar tana da ramukan nan biyu na baya da aka rubuta wa Send da Return, akwai ɗan harshen ƙarfe a ciki da sauti ke bi in ba a sa komai ba. Rashin amfani ke sa shi tsatsa, sai sauti ya riƙa yankewa da ƙara. A haɗa ramukan biyu da gajerar waya, in ta daina an kama ɓarawo. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu da iska ke bushewa ƙayau, robar gaban jita tana tara wutar gogayya, yatsa na shafa ta sai ka ji tas-tas a sifika. Wannan ba gyaran amfilifaya ba ne, a liƙa takardar alminiyom a bayan robar a haɗa ta da girawun, wato wayar ƙasa ta jitar. Wayar salula a kan akwati ita ma tana da nata dit-dit-dit kafin kira ya shigo.

Baba Mai Rediyo Jekadafari:
Wannan gaskiya ne, ba mu raina ba. Kuma a koyi bambance ƙara da kunne, don kowace da gidanta. Gurnani mai kauri wanda ba ya yankewa, huuum, na wutar gari ne, zagaye 50 a daƙiƙa, ko 100 in kwandansar tacewa ta bushe. Shuuu mai laushi kamar ruwan sama a nesa, wannan kowace amfilifaya tana da kaɗan. Ƙara kamar ƙararrawa ko fito in an ƙwanƙwasa akwati, bawul ne ya saki a ciki ya zama makirfo. Ƙarar da ba ta fitowa sai an kaɗa tsirkiya mai kauri, a duba takardar sifika ko wayoyinta ko dalmar da girgiza ke buɗewa. Suya da ke zuwa bayan zafi, ba ruwanta da kiɗa, wannan sunan rezistan filet, mai kai babbar wuta cikin bawul, take kira. Tun zamanin rediyo mai bawul haka take.

Ɗan Bolari:
An zare na ɗaya, tana yi. An zare na biyu, tsit. An musanya su, ƙarar tana nan inda take, bolum bai taɓa ta ba. Wani abu kuma: in na ɗan tura kan bawul na biyu da yatsa sai ta yi "fau" ɗin nan.

Mai Jita Kaltungo:
To na janye. Allah ya huci zuciyar aljihun mai ita.

Malama Ta Gwallameji:
Ciwo biyu ne ke nan, wataƙila uku. "Fau" ɗin na soket ne, suyar kuma ta wani abu ce daban. Fara da soket. Bayan an sauke wuta an auna, a fesa maganin wanke mahaɗa a ƙafafun bawul ɗin, ba cikin soket ba, sai a soka a zare sau biyar ko shida. In babu na fesawa, sifirit mai ƙarfi irin isofurofil kashi 99 ya isa. Ban da fetur, ban da man birki, ban da WD-40 na kwance ƙusa: yana barin maiƙo, hazo na zuwa ƙura ta manne, ga bolt 200 a tsakanin ƙafafu. Ƙafar da ta yi baƙi a goge ta da ɗan burushin haƙori, kada a kankare da reza. A bar shi ya bushe sarai, kamar minti 15, kafin a ba da wuta.

Sannan a duba ramukan da tocila. Kowane rami yana da ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke cafke ƙafar. Wanda ya buɗe, a sa allura mai kauri tsakaninsa da jikin soket a matso shi ciki kaɗan. Kaɗan fa, in ya karye sai sabon soket. Wannan aiki shi ne inda mutane suka fi shan wuta, don allurar ƙarfe ce kuma rami na 1 da na 6 kai tsaye suke da babbar wuta ta cikin rezisto. A sake aunawa kafin a soma.

In soket ɗin a kan fanel mai layukan tagulla aka dasa shi, kamar yawancin na shekarun 1990 zuwa yau, a juya a duba dalmar ƙafafun da gilashin ƙara girma. Zafi da sanyi da zare bawul suna sa wani siririn zobe ya tsage kewaye da ƙafar. A tsotse tsohuwar dalmar, a sa sabuwa 60/40 mai ƙaro a ciki, ayan mai wat 40, daƙiƙa biyu zuwa uku a kowace ƙafa. In ka daɗe layin tagulla zai ɗago.

Baba Mai Rediyo Jekadafari:
Kuma tunda ya buɗe, ya leƙa lungu-lungu. Kayan da ke kwana a ɗakin ajiya ba a rasa gidan zanzaro a ƙarƙashin shasi, ko kashin kyankyaso, ko tsaka da ta bushe a kan soket. Laka da kashi suna shan danshin damina su zama hanyar wuta.

Daga nan sai gwajin tsinke. Tana kunne, ta ɗau zafi, masta a rabi, a riƙa taɓa kowane rezisto da kwandansa da waya da busasshen tsinke ana saurare. Tsinken tsire sabo ya yi.

Injiniya Na Wunti:
Ranka ya daɗe, tsinken tsire ya yi gajere, hannu zai kusanci wuta. A fere gora busasshiya tsawon kamu ɗaya da rabi, ko a samu sandar roba. Abin da ba a so ko kusa shi ne fensir, bakinsa yana ɗaukar wuta, kuma zanen da zai bari a fanel ma hanya ce.

Amma ni na fi son mita ta yi magana. Ƙanena, 12AX7 bawul biyu ne a kwalba ɗaya. Ƙafa ta 1 filet (inda babbar wuta take), ta 2 girid (inda sauti ke shiga), ta 3 katod (wanda hita ke ɗumamawa), rabi ɗaya ke nan. Ta 6 filet, ta 7 girid, ta 8 katod, ɗaya rabin. Ta 4 da ta 5 da ta 9 na hita ne. Ana ƙirgawa ne daga giɓin, bin hannun agogo in kana kallo daga ƙasan soket. A ƙirar da aka saba, rezistan filet 100k ne, na katod 1.5k, don haka za ka ga wajen bolt 150 zuwa 250 a filet, bolt 1 zuwa 2 a katod, sifili a girid. Ba adadin kaɗai nake so ba. Ka ɗora mitar a ƙafa ta 1 minti ɗaya lokacin da take suyar, sannan ta 6, ka gaya mana wacce lambarta ke rawa.

In kana son sanin wane rabi ne ba tare da mita ba, ka samu kwandansa maikurofarad 0.1 mai bolt 630, gefe ɗaya a shasi, ka taɓa ɗayan a filet. Za ta zubar da sautin wurin ƙasa ba tare da ta taɓa babbar wutar ba. In ƙarar ta mutu, daga nan take ko daga gabansa. Za ka ji "fau" lokacin taɓawa, ka rage masta, kuma ka sauke wutar kwandansar bayan kowane gwaji. Wasu kan haɗa girid da shasi kai tsaye da waya. Yana yi a matakin da girid ɗinsa sifili ne, amma ba a yi a ƙafa ta 5 ta 6L6, don nan wutar bayas take, mai taƙaita wutar da bawul ke ja, in ka kashe ta filet zai yi ja wur cikin daƙiƙoƙi. Ba a yi a bawul mai raba sigina, ba a yi kuma a matakin da ke fitar da sauti ta katod irin na Marshall, inda girid yake haɗe da filet ɗin rabin da ke gabansa.

Ɗan Bolari:
An wanke soket, an matse rami na 3 da na 7, an sabunta dalma. "Fau" ta tafi, ko an tura bawul ɗin shiru. Suya tana nan. Awo: wutar da ke ciyar da rezistocin 331. Ƙafa ta 1 tana 214, tsaye cak. Ƙafa ta 6 tana yawo tsakanin 182 da 201, kuma duk lokacin da ta yi tsalle sai sifika ta amsa. Rezistan ƙafa ta 6 irin mai ruwan ƙasa ne mai kaifin baki, kamar wani ya taɓa canza shi, ba irin sauran ba ne.

Baba Mai Rediyo Jekadafari:
Shi ne. Wannan garin gawayi ne aka cuɗa da ƙaro aka matse. Yana shan danshi, ƙimarsa ta riƙa hawa da shekaru, ga bolt sama da 100 a kansa kullum. Zafi na shiga sai ƙwayoyin cikin su riƙa haɗuwa suna rabuwa, wutar tana tsalle a tsakaninsu, abin da kake ji ke nan. Shi ya sa sai bayan minti goma, shi ya sa kuma Agusta. Ɗaga ƙafarsa ɗaya ka auna.

Malama Ta Gwallameji:
Baba, ina neman afuwa, kada a yanke hukunci tukuna. Ba rezisto kaɗai ke rataye a ƙafa ta 6 ba, akwai kwandansar da ke miƙa sauti zuwa masta, galibi maikurofarad 0.022. Aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare babbar wuta. In tana yoyo, ita ma za ta sa filet rawa, kuma ita ce za ta ba da ƙwar-ƙwar ɗin da ya ce masta yana yi, don bolum da wutar DC ke bi ta cikinsa dole ya yi ƙara ko sabo ne fil. Mutane suna ta fesa masa magani, kwana biyu ya dawo. Ƙanena, sa mita a DC, auna ƙafar masta ta sama zuwa shasi tana da zafi. Ya kamata ka ga sifili ko abin da bai kai a kula ba. In ka ga rabin bolt ko fiye, kwandansar ta tafi. Auna ta da ma'aunin om ba ya nuna wannan, don batirin mita bolt 9 ne kawai, ita kuwa sai a bolt 200 take yoyon.

Hanyar raba su: ɗaga ƙafar kwandansar ta ɓangaren filet, kunna, sake kallon ƙafa ta 6. In har yanzu tana rawa, rezisto ne.

Baba Mai Rediyo Jekadafari:
Ba laifi 'yata, a yi hakan. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ɗan Bolari:
Ku duka biyun kun yi daidai. A kan masta akwai bolt 1.6. Da aka ɗaga kwandansar ya koma sifili, amma ƙafa ta 6 ba ta daina rawa ba. Rezistan da aka ciro ya nuna 137k a sanyi, da aka kusanto masa da bakin ayan lambar ta riƙa tsalle. Akwai 100k ƙanana na kwata wat a nan, a sa?

Injiniya Na Wunti:
Kada ka sa. Ba maganar wat ba ce, wutar da ke bi ta ciki wajen miliyam ɗaya ce, zafin bai kai ko 0.2 na wat ba. Maganar bolt ce. Na kwata wat galibi iyakarsa 250, na rabin wat 350, na wat ɗaya 500. Lokacin da aka kunna kafin bawul ya yi zafi ba abin da ke bi, amma da kiɗa mai ƙarfi wutar kansa tana lilo sosai, ƙaramin zai fara tasa suyar bayan 'yan watanni. Sa mai wat ɗaya, mai fatar ƙarfe ko fatar gawayi, ka ɗaga shi kaɗan daga fanel iska ta bi ƙarƙashi. Kwandansa kuma 0.022 ta roba mai bolt 630, za ka ga an rubuta 223 a jikinta. Ana samun irinta a tsofaffin fanel na talabijin mai ƙeya, amma sabuwa ta fi.

Mai Jita Kaltungo:
Sai dai makaɗa da yawa suna cewa na gawayin nan shi ke ba tsofaffin Fender zaƙin muryarsu, in an sa na ƙarfe sauti yana bushewa.

Injiniya Na Wunti:
Akwai ƙamshin gaskiya, ƙimarsa tana ɗan canzawa da yawan bolt ɗin da ke kansa, sai ya ɗan murɗa sautin. Amma abin ƙanƙane ne ƙwarai, a mataki ɗaya ba kunnen da zai rantse ya ji shi ta cikin ganga da jama'a. Canjin da za a ji na gaske shi ne komawa daga 137k zuwa 100k. Kuma na gawayin da ake sayarwa yanzu yawanci tsohon ajiya ne da ya riga ya sha danshi a kwali. A garin da ake ruwa daga Mayu zuwa Oktoba, ni ba zan ba da shawararsa ba.

Malama Ta Gwallameji:
Ga masu irin tsofaffin na shekarun 1960 da 1970, masu baƙin kwali da aka huda aka sa zobban tagulla, a ƙara da wannan: kwalin kansa yana shan danshi ya fara ɗaukar wuta. Za ka canza rezisto da kwandansa duka suya tana nan. A ɗora jan bakin mita a kan kwalin tsagwaronsa kusa da zoben girid, in an ga bolt, shi ne. A busar da dirayar gashi a hankali, a wanke da sifirit, in ya ƙi a ɗage mahaɗar girid ɗin daga kwalin. Ƙaramar kwandansar tirebul mai fikofarad 250, ta maika, ita ma tana suya in ta tsufa, sai dai tata maɓallin tirebul yana canza ta, nan kuwa ya ce bai canza ba.

Baba Mai Rediyo Jekadafari:
Saura abu ɗaya da ba wanda ya tambaya. Wanda ya sa sababbin 6L6, ya daidaita bayas? In ba a yi ba, za a gyara suya a mayar wa mutum da abin da zai ƙone a tsakiyar taro. 6L6GC iyakarsa wat 30 a filet, ana ajiye shi a kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari in ba kiɗa. In filet yana 430, lissafin ya ba da miliyam 42 zuwa 49 kowanne. A sa rezisto om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da shasi, milibolt ɗin da ka karanta a kansa shi ne miliyam, har da 'yan kaɗan na sikirin, girid na biyu da ke cikinsa. Biyun kada su yi nisa da juna fiye da miliyam biyar. A duba rezistocin sikirin na ƙafa ta 4, galibi om 470, ko sun tsage. A duba soket tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, hita da filet maƙwabta ne a nan, in akwai baƙin layin ƙuna ba a kankarewa, canzawa ake yi. Kashe fitilar shago ka kalle su: shuɗin haske a jikin gilashi ba komai, ja a jikin filet kuwa a kashe nan take.

Injiniya Na Wunti:
Kuma ya auna abin da sitef-dawun ke bayarwa kafin ya taɓa bayas. Yawancinsu rabi suke rabawa kawai. Wutar gari in ta faɗo 180, amfilifayar 90 take samu, hita ya sauko wajen 4.7 maimakon 6.3, duk awon da ka yi a lokacin ƙarya ne. Hita ana son sa tsakanin 5.7 da 6.9. Sitabilaiza mai rile ita ma duk sanda ta yi ƙwas sai sifika ta amsa, kada a ɗauka ciwon ne ya dawo. Taransifomar da aka naɗa don zagaye 60 tana ɗan fin zafi a namu 50, a bar bayan akwatin a buɗe, kada a jingina shi da bango. Kunnawar farko bayan gyara a bi ta ƙwan fitila mai zare wat 100 a jere da layin wuta: ya yi haske ya dushe, lafiya; ya tsaya da haske, akwai gajeren haɗi. Amma a cire ƙwan kafin awon bayas.

Ɗan Bolari:
An sa 100k mai wat ɗaya da 223 sabuwa. Ƙafa ta 6 yanzu 216, ba ta motsi. Masta sifili a DC, yana murɗuwa shiru ba a fesa masa komai ba. Sitef-dawun yana ba da 117, hita 6.1. Bayas kuwa Baba ya yi gaskiya, filet 428, ɗaya yana 61 ɗaya 58. An sauke su zuwa 45 da 43. Ta yi awa ɗaya da rabi a kunne, tsit. Tsofaffin 6L6 da aka cire suna nan a leda, a zubar?

Baba Mai Rediyo Jekadafari:
A zubar da me? Lafiyarsu ƙalau, ba su suka yi laifin ba. In fentin azurfansu bai yi fari ba, naɗe su a jarida ka rubuta "biyu tare" ka ba mai ita ya ajiye. Kuma kada ka sallame ta yau. Bari ta kwana ta huce, gobe da sassafe da sauran danshi a iska ka sake kunnawa, ka sa mai jita ya kaɗa ta da ƙarfi rabin awa, kana ƙwanƙwasa gefen akwatin da tafin hannu.

Malama Ta Gwallameji:
Ɗayan 100k na ƙafa ta 1, da biyun na bawul na ɗaya, wane iri ne? In akwai mai ruwan ƙasa a cikinsu, canza shi yanzu tun shasi yana waje.

Ɗan Bolari:
Ɗaya ne, a ƙafa ta 1 ta bawul na ɗaya. Ya nuna 118k. Ayan yana kan wuta.